Roka mai rimot daga tsince-tsince: me ya sa take tsalle a kan siminti?

Ɗan_Kurna: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Mota mai rimot nake haɗawa, babba, so nake in ta kammala ta fito sak roka 911, babbar motar kayan nan ta Mercedes, mai bodin katako, kuma ba sabon kaya na saya ba, tsince-tsince ne kawai. Shasi na yanko daga alminiyon ɗin taga, moto da giyabos na ciro daga diril mai caji 12V wanda batirinsa ya mutu, aksul biyu na hannu na saya wajen wani, na gaba daban na baya daban amma faɗinsu kusan ɗaya, sai tayoyi huɗu masu tsayin 120mm. In na ɗaga ta sama duk tayoyin suna juyawa lafiya lau, a yashi ma tana tafiya ba laifi, amma da ta hau siminti ko tayil sai ta kama tsalle-tsalle tana ƙat ƙat ƙat, moto ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora yatsa, jiya ma farfelar gaba ta zame daga kusarta. Wani abokina ya ce in watsar in tara kuɗi in sayi cikakkiya, wai haɗe-haɗe ba ya ɗorewa. Gaskiya ne ko akwai gyara?

Sarkin_Dalma: Wa'alaikumus salam. Batir ne malam. Da me kake ba ta wuta?

Ɗan_Kurna: Ƙananan batura masu caji 18650 guda biyu a jere, na cikin batirin laftop.

Sarkin_Dalma: To ka gani. Na laftop ba a yi su don jan nauyi ba, da moto ya nemi wuta da yawa sai su durƙushe, shi ne take fizga tana saki.

Bakanike_Fanteka: Sarkin_Dalma batir ba ya tsinke farfela. Batir mai rauni ai sanyi yake sa mota, ba ƙarfi ba. Ɗan_Kurna ƙanena, tun da ka ce aksul ɗin ba gida ɗaya suka fito ba, can zan fara duba. Samo alli ka sa alama a tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya, duka a ƙasa daidai, ka ɗaga motar ka juya farfela da hannu a hankali har tayar baya ta zagayo sau ɗaya cif, sannan ka duba ina allin gaba ya tsaya. In bai dawo ƙasa tare da na baya ba to gaba da baya ba gudu ɗaya suke ba. A yashi tayar da ta fi sauri za ta murza ta sauke abin, a siminti ba inda za ta murza, sai ƙarfin ya taru a farfela ya murɗe ta har sai wata taya ta yi tsalle ko wani abu ya karye. Ko manyan motoci masu ja gaba da baya in ka kulle su ka hau kwalta kana kwana haka suke yi, shi ya sa ake cewa a cire a kan titi.

Maman_Hassana: Ni dai kallo na shigo yi, yarona ne ya dame ni da irin wannan, duk rediyon gidan nan ya kwance su yana neman danamo. Ku ci gaba muna karatu.

Ɗan_Kurna: Oga Bakanike na gwada. Kafin ta baya ta cika zagaye ɗaya ta gaba ta cika ta wuce da fiye da kwata. Na buɗe murfin duka biyun na ƙirga haƙora. Na gaba ƙaramin giya 13 babba 38. Na baya ƙarami 8 babba 30.

Injiniya_Samaru: Shi ke nan an kama ɓarawo. 38 a raba da 13 ya ba ka 2.92, shi kuma 30 a raba da 8 ya ba ka 3.75. Wato gabanka yana gudu da wajen kashi 28 cikin ɗari fiye da bayanka. Lissafin 38 da 13 na motar rimot mai hawa dutse Axial SCX10 ne ta farko, 30 da 8 kuma na SCX10 II ne, kuma yawancin aksul ɗin ƙarfe da ake kwaikwayowa daga Chaina ɗaya daga cikin biyun nan suke bi, a hoto duk kamarsu ɗaya, sai ka buɗe kake sanin wane ne wane. Ma ka yi sa'a duka biyun gefe ɗaya suke juyawa, akwai haɗin da za ka yi gaba ta ja gaba baya ta ja baya, mota ta tsaya cak tana haƙa rami.

Mai_Hawan_Dutse: Amma fa kar ku tsorata shi, masu hawa duwatsu da gangan suke sa gaba ta fi baya sauri, tana taimakawa wajen kwana kuma tana danne gaban mota in ana hawa. Ni tawa haka take kuma ban taɓa karya komai ba.

Injiniya_Samaru: Haka ne, amma kai a ina kake tuƙa taka? Kan dutse da ƙasa, a hankali, mota ba nauyi. Shi roka zai yi, bodin katako, ƙila har ya loda mata kaya, a tsakar gida mai siminti. Nauyi yana danne taya ta kasa murzawa. Kashi 28 a wannan yanayin ya yi yawa.

Mai_Hawan_Dutse: Wannan kuma na yarda. Ban lura da maganar lodi ba.

Ɗan_Kurna: To mafita fa? Kuɗin sabon aksul ba ni da shi yanzu gaskiya.

Injiniya_Samaru: Ba sai ka sayi aksul ba, giyan ciki kawai. Wancan na gaban ana yi masa saiti mai 43 da 13, wanda zai kai shi 3.31, bambancin ya sauko wajen kashi 13. Na bayan kuma ana yi masa mai 27 da 8, shi 3.375 ke nan. In ka sa duka biyun bambancin ya koma kusan kashi 2, ba za ka ma ji shi ba. In ɗaya kawai aljihu zai ɗauka ka fara da ɗaya daga cikinsu. Sai dai ka auna kaurin sandar da giyan ke zama a kai da boris ɗin kafin ka yi oda, don na kwaikwayo ba kullum suke bin ma'aunin asali ba, wani sai ka ga rabin milimita ya raba ku.

Bakanike_Fanteka: Ko kuma ka cire farfelar gaba gaba ɗaya ka bar baya ta riƙa tura ta, ko sisi ba ka kashe ba. Yawancin rokokin da ke kan hanyarmu ai da baya suke ja. Illa dai aksul ɗin naka irin na hawa dutse ne, a kulle yake, tayar dama da ta hagu tare suke juyawa, don haka kwananta zai yi faɗi ko ka cire farfelar, za ka ji tana goga taya. Amma tsallen zai tafi.

Tsohon_Direba: Salamu alaikum yara. Ni ban san komai a rimot ba, jikana ne ya nuna min, na ga an ambaci 911 na kasa shiru. Na ja ta shekaru, Kano zuwa kudu da albasa da shanu, a dawo da goro da manja. In za ka yi ta ka yi ta daidai, hancinta gajere ne mai zagaye, ba dogo ba, fitila a cikin giril, bodi kuma ya haye kan gidan direba inda yaran mota ke ajiye tabarma da jarka. Kar ka manta tsani a gefe da rubutu a goshi da zanen fenti a ƙyauren baya. Roka ba rubutu ai ba a gama ta ba.

Ɗan_Kurna: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi irin wannan nake so. Tayoyin baya fa, ni guda ɗaya-ɗaya na sa.

Tsohon_Direba: Bibbiyu ne ɗana, kowane gefe biyu. Ɗaya-ɗaya kuma ai a-kori-kura ka yi.

Injiniya_Samaru: Baba ya yi gaskiya. Wannan ƙirar ta Mercedes mai gajeren hanci tun 1959 aka fara ta a Jamus, kuma an daɗe ana yin ta don kasuwannin waje bayan su can sun koma wata ƙira. A nan gida ma ANAMMCO a Inugu sun harhaɗa manyan motocin Mercedes, lokacin da Steyr ke Bauchi, Fiat kuma a Kano. Ta ɓangaren girma, tayar irin wannan mota tana kai mita 1 ko kusa, taka 120mm ce, ka ga kana tsakanin 1/8 da 1/9 ke nan, sai ka raba duk wani awo na motar gaske da 8 ko 9, kar gidan direba ya fito ƙarami tayoyi su yi masa yawa. Masu yin tireloli na Tamiya a 1/14 suke, tun King Hauler ta 1993, kayansu za su yi maka ƙanƙanta, kar ka ga fitila ko madubi a intanet ka yi oda.

Na_Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni wata dabara na gani, tun da gaba ta hi sauri me zai hana a sa ƙananan taya gaba manya baya? In baya 120 ce a sa 96 gaba, bambancin ya kusa shanyewa. Tarakta ai haka take.

Sarkin_Dalma: Hhhh Na_Maraɗi lissafi ya fita amma mota ta lalace. Roka yake so ba tantan ba, Baba direba zai kore mu daga zauren nan.

Na_Maraɗi: To ai tambaya ya yi ta araha, na ba shi ta araha.

Gwangwan_Boss: Ni fa ina bayan abokin nan nasa. Ku faɗa masa gaskiya. Yau giya, gobe farfela, jibi sarbo mai murɗa sitiyari, kowanne sai ka jira oda sati da sati, ka biya kuɗin kawowa, wani ya zo bai shiga ba ka jefa a kwali. In ka tara abin da ka kashe sai ka ga ya sayi motar rimot ta WPL ko MN sabuwa dal a kwali har da canji. Ni na bi hanyar nan, kwalin tarkacena yana nan ƙarƙashin gado, matata kullum sai ta yi min maganarsa.

Bakanike_Fanteka: WPL ai 1/16 ce, tafin hannu biyu. Ka ɗora mata bulo ɗaya ka gani. Shi abin da yake haɗawa da moton diril zai ja yaro a kan kwali. Kuma a wane shago ake sayar da roka mai bodin katako? Wanda yake son ya tuƙa ya sayi ta kwali, ba laifi, wanda yake son ya ƙera kuma ba kuɗin yake lissafawa ba. Abin da ke cinye kuɗi a haɗe-haɗe saye kafin awo ne, mutum ya ga abu ya yi kyau a hoto ya tura kuɗi. Da wanda ya sayar masa da aksul ɗin nan an buɗe murfi a gabansa an ƙirga haƙora da duk wannan zancen bai taso ba.

Gwangwan_Boss: Naji, amma ka san ba kowa ke da injin walda da bais a gida irinka ba oga.

Shagon_Firinta: Tun da an zo maganar awo bari in zuba abin da na sani, don nan ne mutane ke faɗawa. Mazaunin wili a yawancin motocin 1/10 mai kusurwa shida ne 12mm, ƙananan motoci nasu bai kai haka ba, don haka ba kowace taya ke hawa kowane aksul ba. Sandar moto 540 da mafi yawan 550 kaurinta 3.175mm ne, manya kuma 5mm. Haƙoran giya ma iri-iri ne, akwai 48P akwai 32P akwai mod 0.6 da Tamiya ke yawan amfani da shi, mod 0.6 da 48P a ido kamar ɗaya amma in ka haɗa su za su yi ta kuka har su cinye juna. Hannun sarbo shi ma haka, na Futaba haƙori 25, na Hitec 24, na JR 23, in ka tura na 24 a kan 25 da ƙarfi zai shiga amma ranar da taya ta daki dutse zai zame sitiyari ya karkace. Sannan wanda ke neman sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da ƙananan sifirin da giyoyin roba ya nemi mataccen firinta, a Ƙofar Ruwa ko wajen masu gyara, abin da ke cikin guda ɗaya ya isa ka yi rabin mota.

Maman_Hassana: Wannan na kwafe shi na ajiye wa yarona. Allah ya saka. Amma don Allah batiran nan ba sa fashewa? Shi nake tsoro.

Sarkin_Dalma: Hajiya suna yi in an yi musu ganganci, kuma dama ina so in dawo kan batir don an share maganata a sama. Na yarda ba shi ya tsinke farfela ba amma Ɗan_Kurna ko ka gyara aksul sai ka dawo kansa. Kowane 18650 cikarsa 4.2V ne, kar a bar shi ya sauka ƙasa da 3V, biyu a jere su ne 7.4V da ake faɗa. Na laftop an yi su ne su daɗe suna ba da wuta kaɗan-kaɗan, na cikin batirin diril su ne masu ba da wuta da yawa lokaci ɗaya, irin Samsung 25R 20A yake ɗauka. Ka fasa mataccen batirin diril ɗin nan naka ka auna su ɗaya-ɗaya da mita, sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka mutu sauran garau. Batirin LiPo kuwa ya fi ƙarfi amma ba ya son wasa, caja mai daidaita sel ake sa masa irin iMAX B6, in za a ajiye shi a bar kowane sel a 3.8V, wanda ya kumbura a rabu da shi. Wani maƙocinmu ya jona nasa da dare da aka kawo wuta ya kwanta, a kan katifa, da cajar da ba tasa ba, hayaƙi ne ya tashe su, Allah ya kiyaye katifar kawai ta tafi. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake cajin nawa a tsakar gida, kuma ba na barin sa a mota da zafin Afrilu. Yaro dai Hajiya ki fara masa da batirin NiMH 7.2V, ya fi haƙuri.

Ɗan_Kurna: Na gode Sarki. Batirin diril ɗin yana nan ban yar ba. Wata tambayar, gudunta zai kai nawa? Don yanzu gani nake kamar tana rarrafe.

Injiniya_Samaru: Duba jikin diril ɗin, galibi ana rubuta gudu biyu, misali 400 da 1500 a minti. Mu ɗauka 1500 ne. Raba da 3.75 na aksul ɗin baya, taya na juyawa 400 a minti, kewayen tayar 120mm kuma wajen santimita 38, ya kama kilomita 9 a awa. Wannan a 12V ne ba lodi. Kai kana ba ta 7.4V, to ka sa ran 5 zuwa 6, saurin mai tafiya da ƙafa. In a giya ta ɗaya ka bar shi kuwa shi ne rarrafen da kake gani. Sel uku a jere 11.1V zai dawo maka da ƙarfinta. Kuma ka kulle kulocin diril ɗin, zoben nan mai lambobi, ka kai shi kan alamar huda ko ka ɗaure shi da kusa, in ba haka ba da ta ji nauyi zai riƙa zamewa yana tar tar tar, ƙila ma rabin ƙarar da kake ji daga nan take.

Bakanike_Fanteka: Ƙari a kan wannan, duk mai son cire bakin diril ya sani kusar da ke can ciki hagu take, in kana kwancewa yadda ka saba ɗaurewa kake. Na ga wanda ya cinye kan kusar tas yana zagin diril.

Arduino_Zalla: Ba wanda ya tambaye shi rimot. Da me kake sarrafa ta?

Ɗan_Kurna: Fanel ɗin wata motar yara ce mai 27MHz, na sa rile biyu, wato makunnin lantarki, a tsakani don ya iya ɗaukar moton.

Arduino_Zalla: Innalillahi. To ai ga wani mai laifin. Fanel ɗin motar yara kunnawa da kashewa kawai ya sani, ba a hankali, kana dannawa wuta duka ta tafi moto lokaci ɗaya, kowane tashi duka ne a kan farfela. Ka haɗa naka rimot ɗin da ƙananan fanel na Arduino Nano biyu da NRF24L01 mai aika saƙon rediyo, ka sa BTS7960 ya tuƙa moton. Kar dai ka sa L298N, 2A yake ɗauka, moton diril zai gasa shi kafin ka kai ƙofar gida.

Mai_Hawan_Dutse: Kullum kai sai ka kawo Arduino. Mutum yana fama da giya za ka ƙara masa rubuta kod. Ɗan_Kurna ka nemi ESC, wato na'urar daidaita gudun moto, na moto mai gawayi, Hobbywing QuicRun 1060 ya ishe ka, 60A ne, yana ɗaukar sel biyu ko uku, kuma shi zai ba risiba mai karɓar saƙon rimot da sarbo wuta. Rimot kuma Flysky mai 2.4GHz, ko mutum goma ke wasa a fili ɗaya ba mai shiga na wani, ba irin 27MHz ba da yaron maƙota zai kunna tasa taka ta tashi. Sai dai ka sayi rimot da risibarsa tare, don ko a Flysky ɗin risibar GT3B ba ta magana da GT5, yarensu daban.

Arduino_Zalla: Nawa ya fi araha kuma zai iya ƙara fitila da hon da sigina yadda yake so.

Mai_Hawan_Dutse: GT5 tasha shida gare ta, fitila da hon duk za su samu wuri.

Shagon_Firinta: Ku bar faɗan nan ku faɗa masa na sitiyari. Mota mai wannan nauyi ƙaramin sarbo shuɗi mai giyan roba ba zai juya ta ba, mafi ƙaranci MG996R mai giyan ƙarfe, wajen kilo 10 yake ja, in da hali mai kilo 20. In ka ga kana murɗa sitiyari mota na ɗaukewa tana dawowa, sarbo ne ke shanye wutar risiba, sa kafasita babba a wata tasha da ba kowa.

Tsohon_Direba: Duk wannan ban gane ba. Ni dai hon ɗin ya zama mai iska.

Na_Maraɗi: Gidan direba da mi za ka yi shi? Nan muna yanka bututun ruwa na PVC mu gasa shi bisa gawayi har ya yi laushi mu danne da katako ya miƙe, yana yankuwa da wuƙa yana kama sufa gulu, hancin nan mai zagaye ma sai ka lanƙwasa shi bisa gwangwani tun da zahi. A waje dai ake yi, hayaƙinsa ba kyau, kuma kar a bari ya ƙone.

Gwangwan_Boss: Kun gani ko, daga giya ɗaya yanzu an kai ESC da rimot da sarbo da caja. Ɗan_Kurna ka rubuta jimilla ka turo mana in ka gama, ni ina nan.

Ɗan_Kurna: Hhhh zan turo oga. Yanzu dai na bi ta Oga Bakanike na cire farfelar gaba, na kulle kulocin, na mayar da shi giya ta biyu. Tsallen ya tafi gaba ɗaya a siminti, moto ɗumi kawai yake yi. Amma na fita da ita lungu ta shiga yashi ta zauna, baya na ta haƙa gaba ko motsi, don haka giyan nan 43 da 13 sai na saye shi ko ba yanzu ba. Batirin diril na fasa, sel uku ne ciki, biyu na nuna 3.6 ɗaya 0.9.

Sarkin_Dalma: Mai 0.9 ɗin kar ka yi gigin cajinsa, ka rufe kansa da salatif ka ware shi. Biyun ka yi musu caji ɗaya-ɗaya ka bar su kwana biyu ka sake aunawa, wanda ya riƙe shi ne naka.

Bakanike_Fanteka: Kafin ka yi odar giya ɗora mata nauyi a kan aksul ɗin baya tukuna, batir ɗin ma can za ka mayar da shi, ka sa tayoyi bibbiyun da Baba ya ce. Babu bodi a kanta yanzu, bayan ba abin da ke danne shi, dole ta haƙa.

Injiniya_Samaru: Tayoyi bibbiyu a 12mm ɗin nan sai ya samu dogon mazauni, sandar aksul ɗin ba za ta kai noti ya kama ba. Ɗan_Kurna auna min daga fin ɗin zuwa ƙarshen zaren, milimita nawa ya rage?